Akwati Marar Fitila

Wata goma sha huɗu ina tara kuɗin nan,
daga ɗaukar walima, saukar karatu, bikin yaye ɗalibai a Kongo,
har Hansatu ta cika mini da kwasar adashinta,
ta ce, "Bashi ne fa, kada murmushina ya ruɗe ka."

Ga ni a PZ, shagon Ikenna,
takardar hannuna ta jiƙe da gumi.
Na rubuta na soke, na soke na rubuta,
kamar mai rabon gadon da magada suka fi dukiya yawa.

Ya fara ɗauko mini akwati mai gilashi,
fitilu na bin juna a ciki, ja, kore, shuɗi.
Zuciya ta ce, wannan.
Aljihu ya yi gyaran murya.
Fitila ba ta haɗa sauti, ba ta yanka hoto.
Mayar, na ce. Miƙo baƙin can na ƙasa
wanda gefensa ya ɗan lotsa.

Firosesa tukuna, ita ce ƙwaƙwalwa.
Mudi na Samaru ya ja mini kunne tun jiya:
"Ƙirga mata ma'aikata.
In gona ta yi faɗi, mutum shida sun fi biyu,
ko da biyun ƙarfafa ne."
Na ɗauki mai shida, ba 'yar yayi ba,
ta shekara uku baya, wadda farashinta ya huce.
Sai allon da za ta zauna a kai.
Dole mazauni ya dace da ƙafarta, in ji Ikenna,
ba a tura ta da ƙarfi,
allura ɗaya ta lanƙwashe, kuɗinka sun bi Kubanni.

Ram: sha shida ko talatin da biyu?
Nan muka daɗe.
Na tuna laftof ɗin aro da ta sandare
daidai inda Kawu Ilu ya kai kiɗan gurmi ƙololuwa,
baki a buɗe, yatsa a kan tsirkiya,
minti ashirin yana jirana a haka.
Shekararsa saba'in da tara.
Ba zan ƙara sa shi jira ba.
Talatin da biyu.

Katin hoto ne ya biya kuɗin taurin kaina.
Sabo ya fi ƙarfina, na karɓi ɗan Beljiyam,
na sa aka kunna shi a gabana rabin awa
ina sauraron fankarsa
kamar likita a ƙirjin yaro.

Ma'ajiya biyu: ƙarama mai sauri don aikin yau,
babba mai jan ƙafa don adana muryoyi.
Rumbu dai rumbu ne, ba a tambayarsa gudu.

Da muka zo kan abin raba wuta
na nemi mai araha. Ikenna ya ajiye biro.
"Ba a Tudun Wada kake ba? Ka san wutarku.
Ta tafi ba sallama, ta dawo da fushi.
Yi rowa a ko'ina, ban da nan."
A wurin kuɗin sifika suka ƙare.
Tsohon hedfon ɗina, mai kunne ɗaure da salatif,
zai ƙara shekara.

Saura dubu ɗaya da ɗari biyu.
Na tare Napep, na rungume kwali a cinya
ina roƙon direba ya lallaɓa ramuka.
Ya waiwayo: "Ƙwai ne?"
Na ce, kusan haka.

Yanzu ga su shimfiɗe a tabarma, kowa cikin ledarsa,
ba wanda ya san ɗan'uwansa tukuna.
Na wanke hannu. Na cire zobe.
Hansatu ta miƙo sukundireban keken ɗinkinta,
ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta tafi ba.
Daga zaure ina jin Kawu yana ɗaure tsirkiya,
ya yi tari,
ya sake ɗaurewa.